Yadda ake haɗa maganin gargajiya na mafitsara a gida, mataki-mataki

Da zarar bazara ta kama a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini: "Ina jin zafi wajen fitsari, me zan jiƙa?" Mata sun fi yawa cikin masu tambayar. Maza ma suna yi, sai dai kunya kan sa su jinkirta har abin ya yi nisa.

A hannun kakata na tashi, kuma ta san itatuwa. Amma ban taɓa ganin ta miƙa wa mutum ƙullin magani ba sai ta tsare shi da tambayoyi. Akwai zazzaɓi? Akwai jini? Fitsarin na fita ko ya tsaya? In amsar ba ta yi mata ba sai ta ce, "Ɗiyata, wanga ba na jiƙo na ba, tashi ki tai asibiti." A kan wannan tsari nata na jera matakan nan. Kada a tsallake na farko a faɗa na biyar.

1. A gane ciwon kafin a ɗora tukunya

Kalmar "sanyi" ta yi mana faɗi da yawa. Da ita muke kiran ciwon mafitsara, da ita muke kiran ƙaiƙayin gaba, da ita muke kiran cutar da ake ɗauka wajen saduwa, alhali kowanne da maganinsa.

Wanda jagoran nan ya shafa shi ne ƙaramin ciwon mafitsara ga mace baliga wadda ba ta da ciki: raɗaɗi lokacin fitsari, yawan jin fitsari amma in an tsuguna kaɗan ke fita, nauyi a mara, fitsarin ya yi duhu ko ya yi wari, jiki kuma babu zafi. Mafi yawan lokaci, kamar takwas cikin goma, ƙwayar cutar da ake kira E. coli ce, wadda ke zaune a hanji, ta samu hanya ta haura mafitsara. Ta fi kama mata saboda hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa tana kai 20.

Gargaɗi: in da zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko amai, ko ciwo a kwiɓi ta wajen baya, ciwon ya haura ƙoda. Ranar za a tafi asibiti. Haka mai ciki, da ƙaramin yaro, da mai ciwon suga, da wanda aka taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu. Ga mai ciki musamman, wannan ciwon yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, shi ya sa ake karɓar fitsari a wurin awo.

Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga yaran da ke wanka a Gulbin Rima, ko Tafkin Kware, ko magudanan noman rani na Wurno da Goronyo, tsargiya ce har sai gwaji ya ce ba ita ba. Wata tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi, ta huda fata, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta ya riƙa yi wa bangon mafitsarar rauni. Har yanzu a wasu ƙauyukanmu ana ɗaukar ta alamar balagar yaro namiji. Wannan magana tana ci mini rai, domin tsargiyar da ta shekara da shekaru tana toshe hanyar ƙoda, kuma tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar mafitsara. Maganinta ƙwayar praziquantel ce, ana auna ta da nauyin mutum, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha a rana ɗaya bayan an ci abinci. Ana raba ta kyauta a makarantu lokacin kamfe. Babu jiƙon da zan ce a dogara da shi a madadinta. Dattijon da ya ga jini a fitsarinsa kuwa, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, ya je a duba shi.

Namiji mai ganin ruwa kamar mugunya na fita daga gabansa, cutar saduwa ce. Ana buƙatar allura da ƙwaya, kuma da shi da matarsa ko matansa za a yi wa magani lokaci guda. In aka danne ta da jiƙo, zafin zai lafa, amma bayan shekaru hanyar fitsarin ta tsuke. Dattijon da ya haura hamsin yana tashi sau uku sau huɗu da dare, fitsarin na fita siriri, yana yunƙuri kafin ya zo, wannan yawanci kumburin furostet ne, wato wata tsoka da ke kewaye da hanyar fitsarin namiji a ƙasan mafitsara, sai likita ya duba. Macen da fitsari ke zubo mata ba tsayawa bayan doguwar naƙuda kuwa yoyon fitsari ne, rami ne ya buɗe, ɗinki yake so. Ana yin wannan aikin a nan Sakkwato, a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha.

Gargaɗi mafi girma: wanda fitsarinsa ya tsaya cak, mararsa ta kumbura, kada a ba shi komai mai sa fitsari. Na ga wannan a kan kawuna. Aka yi ta ɗura masa jiƙo tun Magariba da niyyar "a buɗe hanya", alhali hanyar a toshe take, ruwa sai ƙara taruwa yake yi. Ya kwana yana juyi, sai da asuba aka kai shi asibiti aka sa masa roba, nan take ya samu kansa. Da tun da dare aka tafi da bai sha wannan azabar ba.

2. A kai fitsari gwaji

Ko da za a yi na gida, wanda ciwon ke yawan dawo masa ya yi gwaji. Shi ne ma fi kowa buƙata. A karɓi kwalbar gwaji a ɗakin gwaji, kada a wanke kwalbar sirop a zuba. Da safe a yi tsarki da ruwa zalla, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya, a rufe, a kai cikin awa ɗaya zuwa biyu. Gwajin tsinke, wanda ake tsoma ɗan tsinken takarda a cikin fitsarin, yana fita nan take. Na shuka ƙwayar cuta, wanda ke nuna maganin da zai kashe ta, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. In tsargiya ake zargi, fitsarin tsakar rana ake so, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, kuma a haɗa da ɗigon ƙarshe, domin lokacin ne ƙwan ya fi fita.

Gargaɗi: kada a sayi kafso biyu uku a kemis a haɗiye kafin gwaji. Yana ɓata sakamakon, kuma yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Kuɗin gwaji sau ɗaya bai kai abin da mutane ke kashewa a jarkoki uku huɗu na haɗin da ba su san abin da ke ciki ba.

3. A fara da ruwa

Mutane ba sa son jin wannan, domin ruwa bai yi kama da magani ba. Amma rabin aikin duk wani jiƙo na mafitsara ruwan da ke cikinsa ne. A wani bincike da aka wallafa a 2018 an bi mata 140 masu yawan kamuwa da ciwon mafitsara kuma ba sa shan ruwa sosai. Rabinsu aka ce su ƙara lita ɗaya da rabi kullum. Bayan shekara guda, yawan dawowar ciwon ya ragu musu da kusan rabi.

Lissafin mai sauƙi ne. Ledar fiya wata rabin lita ce. Baligi ya nemi leda 5 zuwa 6 a yini, a bazara ko ga mai aiki cikin rana ya ƙara. A rarraba, kada a kwankwaɗe lokaci guda: ɗaya bayan Asuba, ɗaya da hantsi, haka har La'asar, sannan a sassauta bayan Isha'i don a samu barci. Ma'auni shi ne launin fitsari. In ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ruwan ya isa. In ya yi kamar shayi, da saura. Mai shan ƙwayar bitamin B ya sani ita kanta tana rina fitsari rawaya shar.

Gargaɗi: mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko mai kumburin ƙafa, wanda likita ya ƙayyade masa ruwa, ya tsaya a kan abin da aka ƙayyade.

4. Kayan haɗi da wurin samunsu

Abu uku na yarda da su don ba su da haɗari in an auna: gemun masara, soɓorodo, da sha'ir. Duk ukun abinci ne ko ɗan'uwan abinci. Aikinsu ƙara fitsari da sanyaya raɗaɗi. Ba sa kashe ƙwayar cuta yadda maganin asibiti ke kashewa, kuma wanda ya ce maka suna yi ya ƙara gishiri.

Gemun masara kyauta ne. Masu gasa masara a bakin titi zubar da shi suke yi, in ka roƙa za su tara maka. A zaɓi na cikin ɓawo, mai laushi, fari ko ruwan zuma, a yanke baƙin da ya leƙo waje. Dalili kuwa, tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a 2016 manoma ke yawan feshi, kuma wanda ke waje shi ke shan feshin. In daga gonar da ka sani ne ya fi. A wanke sau biyu, a baza a faifai a inuwa, cikin kwana uku zuwa biyar ya bushe, a zuba a kwalba mai murfi. Da damina a riƙa dubawa, in ya yi hunhuna ko warin ruma a zubar.

Soɓorodo, wato zoɓo, ɗiyan suren da muke miya da ganyensa, ana samun sa a Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwa da kowane teburin kayan miya. Gwangwani ɗaya ya ishi mutum kwana biyu. A zaɓi ja mai duhu, busasshe ƙayau, marar ƙasa. Sha'ir kuma yana shagunan magungunan Musulunci, a sayi tsabarsa, don gari ba a sanin abin da aka cuɗa masa.

Kayan aiki: tukunyar ƙasa ko ta ƙarfe marar tsatsa, mataci mai tsabta, kofin shayi ɗaya da za a riƙa awo da shi, da filas. Kada a dafa soɓorodo a tukunyar dalma irin ta maƙera. Tsaminsa yana cin jikin tukunyar, kuma ana narka irin waɗannan tukwane ne daga tarkacen ƙarfe iri-iri.

Yanzu ga waɗanda nake roƙo a nisance su.

Duman dutse, wanda wasu ke kira gaɗakuka ko maɗacin ƙasa. Danginsa suna ɗauke da wata guba mai lalata ƙoda a hankali, ba tare da mutum ya ji komai ba, kuma tana kawo sankarar hanyar fitsari. A Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka sa wa wani ɗan'uwan wannan tsiro. Saiwar sanya, uwar magunguna, ita ma tana da ƙarfi ƙwarai, tazarar da ke tsakanin magani da guba a cikinta kaɗan ce, ba abin da za a jiƙa a buta a yi ta kurɓa ba ce. Jar kanwa da ungurnu gishiri ne mai nauyi, suna tayar da hawan jini suna wahalar da ƙoda. Filasko gudawa yake sawa, ya ƙara ƙarar da ruwan jikin da muke neman cikawa. Sabara da marke da bagaruwa suna da daraja a wurinmu, kuma an ga suna taɓa ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, sai dai ba a fitar musu da ma'aunin sha na ciwon mafitsara ba, don haka ban sa su a haɗin nan ba.

Gargaɗi kan na jarka da na mota mai lasifika: maganin da aka ce yana maganin sanyi da basir da shawara da ƙarfin maza duk a kwalba ɗaya, a bar shi a wurin. An sha kama irin waɗannan da maganin kashe zafi na bature a narke a ciki, irin wanda yawan shansa ke cin ƙoda. In na kwali ne, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa nan kusa, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa.

5. Dafawa

A zaɓi ɗaya. Kada a haɗa ukun, balle a ƙara na maƙwabciya. In abu ya ɓata maka ciki ko ya fito maka da ƙuraje, ta yaya za ka san wanne ne a cikin bakwai?

Gemun masara shi nake fara bayarwa ga mai raɗaɗi, domin ba shi da tsami. A tafasa ruwa lita ɗaya, wato leda biyu. A zuba ɗanyen gemu cikin tafin hannu ɗaya, in busasshe ne rabin haka. A rage wuta, a rufe, a bar shi minti 10. A sauke, a bar shi a rufe wasu minti 10, a tace a filas. Launinsa kamar shayi marar kauri, ɗanɗanonsa ɗan zaƙi-zaƙi.

Soɓorodo: rabin gwangwanin madara ƙarami, a ɗauraye sau biyu da sauri don ƙasa ta fita, a zuba a lita ɗaya na tafasasshen ruwa, a sauke nan take, a rufe minti 15, a tace. Ana iya jefa kanumfari uku ko huɗu da ɗan yankin citta. Kada a sa kanwa don kashe tsami, kada a sa kala ko garin lemo na leda. Sukari in ya zama dole, ƙaramin cokali ɗaya a kofi. Zoɓon biki da ke danƙare da sukari abin sha ne, ba shi nake nufi ba.

Sha'ir: babban cokali 3 a wanke, a dafa a lita ɗaya da rabi na ruwa kamar minti 30 har ƙwayar ta fashe, a tace, a matsa rabin lemun tsami. Lemun yana da amfani ga masu yawan yin tsakuwar ƙoda.

Gargaɗi: soɓorodo yana saukar da hawan jini. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, da wanda jininsa ke yawan sauka, su tambayi likita tukuna. Mai ciki ta bar shi a matsayin magani. Gemun masara shi ma yana iya saukar da suga, kuma ba ya jituwa da maganin tsinka jini irin warfarin. In tsamin soɓorodo ya ƙara raɗaɗin, kamar yadda yake yi wa wasu, a koma gemun masara.

Abin da aka dafa na yini ɗaya ne. A zafinmu na Sakkwato, jiƙon da ya kwana a waje ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Kuskuren da na fi gani ke nan: a cika roba da saiwoyi, a yi ta ƙara ruwa a kai har mako biyu, saman ya yi kumfa ana cewa ƙarfinsa ne ya fito.

6. Sha da ƙirga kwana

Kofi ɗaya na gemun masara ko sha'ir sau uku a rana, bayan abinci. Soɓorodo kofi biyu ya isa. Na ƙarshe kada ya wuce Magariba. Wannan ƙari ne a kan ruwan mataki na uku. A kwanakin nan a ajiye goro, da shayi mai kauri, da Nescafe, da lemon kwalba, da yaji mai yawa, duk suna tsokanar mafitsara. Don nauyin mara, a zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane, a ɗora. Farasitamol ya wadatar don zafi.

A rubuta ranar da aka fara. In bayan kwana biyu babu sauƙi, ko a kowane lokaci zazzaɓi ko jini ko ciwon kwiɓi ya bayyana, a tafi asibiti da sakamakon gwajin. In sauƙi ya samu, a ci gaba zuwa kwana biyar a tsaya. Namiji kuma, ko ya ji sauƙi, ya je a duba shi, domin ciwon mafitsara ga namiji yawanci akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk suna ganin masu irin wannan matsala, na koyarwar ma yana da cibiya ta musamman ta ƙoda da mafitsara.

A faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha, da sunansa da yawansa. In an rubuta magani a shanye shi duka ko an ji garau, jiƙon ba ya maye gurbinsa.

'Yan'uwana mata, ga wata magana a tsakaninmu. Kada a cusa tafarnuwa, ko kanumfari, ko alif, ko garin bagaruwa a gaba da sunan maganin sanyi. Mafitsara daban, farji daban, abin da aka cusa ba ya isa inda ciwon yake. Abin da yake yi shi ne ƙona fata da kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin, sai ciwon ya ƙara samun ƙofa. Zama cikin ruwan ɗumi zalla na minti 10 ya isa. Tafarnuwarmu ta Wurno a sa ta a miya.

7. Hana shi dawowa

In ciwon ya zo sau biyu cikin wata shida, ko sau uku a shekara, to akwai ɗabi'ar da ke kiransa, ko wata cuta kamar suga da ba a gano ba. A auna suga.

A daina riƙe fitsari. Ɗalibai mata da 'yan kasuwa da matafiya sun fi yin haka saboda rashin bayan gida mai tsabta, wasu ma har ruwan suke ƙin sha don kada fitsarin ya zo. Wasu kuma don tattalin alwala, alhali hadisin Nana A'isha da Imam Muslim ya ruwaito ya hana yin salla mutum yana fama da matsin fitsari ko bayan gida. Duk awa uku zuwa huɗu a zagaya. Wajen tsarki a wanke gaba tukuna sannan baya, hannun da ya taɓa baya kada ya dawo gaba sai an wanke shi da sabulu. A yi fitsari bayan kwanciyar aure. Kamfai ya zama na auduga, a shanya shi a rana. A magance taurin bayan gida da ganye, zogale da rama da kuɓewa, domin cikakken hanji yana danne mafitsara ya hana ta juyewa duka.

Dattawa masu furostet su yi hattara da maganin mura na kemis da tiramol da sirop mai kodin, suna iya tsayar da fitsari cikin dare ɗaya.

Da azumi, ledojin nan shida a raba su tsakanin buɗa-baki da sahur: biyu daga shan ruwa zuwa Isha'i, biyu bayan Tarawihi, ɗaya kafin barci, ɗaya da sahur. Jiƙon mai sa fitsari a sha shi bayan buɗa-baki, kada a sha da sahur, don zai fitar da ruwan da ake so ya raka mutum har Magariba.